Behance a hannun ɗalibin zane: rumfa mai kyau a kasuwar da ba taka ba

Duk ɗalibin da ke koyon zanen kwamfuta, ko tambari yake yi, ko fosta, ko kwalin kaya, ko fuskar manhaja, akwai ranar da za a ce masa ya turo ayyukansa a gani. A ranar yake gane cewa iya zane daban, iya nuna zane daban. Shawarar da malamai da waɗanda suka riga shi shiga sana'ar kan bayar kusan ɗaya ce: je ka buɗe shafi a Behance, dandalin yanar gizo da masu zane ke baje ayyukansu. Shawarar ba ta da aibu, sai dai a dunƙule ake ba da ita, ba a faɗin abin da dandalin zai yi maka da abin da ba zai taɓa yi ba.

Scott Belsky da Matias Corea ne suka kafa Behance a Amurka a 2005, kamfanin Adobe kuma ya saye shi a watan Disambar 2012. Shi ya sa yau da asusun Adobe ake shiga. Buɗe shafi kyauta ne, ɗora aiki kyauta ne, kuma ba sai kana biyan kuɗin Photoshop ko Illustrator ba. Wanda ya yi aikinsa da Figma, Inkscape, CorelDRAW ko Affinity, ƙofa a buɗe take gare shi.

Gara a faɗi hukuncin tun yanzu. A cikin wuraren da ba a biya, da wuya a samu wanda ya fi shi dacewa da ɗalibi, don dalili ɗaya: yana ba ka fili mai tsawo ka jera aiki guda daga matsala har zuwa mafita. Instagram ya saba matse hoto zuwa faɗin fiksel 1080 (fiksel su ne ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo), kuma mai kallo yana wucewa da yatsa kafin ya karanta layi biyu. Dribbble, wani dandalin masu zane da aka kafa a 2009, an gina shi ne a kan ɗan yankin aiki guda mai ɗaukar ido, ba cikakken bayani ba. Behance ya fi su a nan nesa ba kusa ba. Rauninsa kuma shi ne kowa rumfa iri ɗaya ake ba shi, kasuwar ta fi saka wa mai ƙyalƙyali, kuma ranar da za ka tsaya gaban mutane ka yi bayani da baki, shafin ba zai yi maka rana ba.

Fuskar shafin

Abin da dandalin ya bar maka ka sarrafa a fuskar shafinka kaɗan ne: suna, hoto a cikin da'ira, layin sana'a, doguwar tuta a sama, taƙaitaccen bayani, da mahaɗan sauran shafukanka. Ba ka da ikon sauya salon rubutun shafin. Wasu na ganin wannan tauyewa ce. Ga ɗalibi, rahama ce, domin yana hana shi ɓata mako uku yana ƙawata gida alhali ɗakunan babu kaya.

Fara da adireshin. Yana zuwa ne a matsayin behance.net da sunan da ka zaɓa a gaba. Idan ba ka gyara shi ba, dandalin kan liƙa wa sunanka wasu lambobi da haruffa na babu gaira, irin waɗanda ba za ka iya karanta wa mutum ta waya ba. Shiga saituna ka mayar da shi sunanka zalla tun ranar farko, kafin ka buga shi a takardar neman aiki ko katinka. Wannan sunan kuma shi za ka riƙe a imel, da LinkedIn, da Instagram. Mai neman ma'aikaci da ya ga suna uku daban-daban a wurare uku ba zai zauna ya haɗa su ba.

Layin sana'a shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Ɗalibi zai rubuta cewa shi mai tambari ne, mai ɗaukar hoto, mai haɗa bidiyo, mai zanen manhaja, kuma masanin talla, duk a layi guda. Mai karatu abu ɗaya yake fahimta: wannan bai san inda ya dosa ba tukuna. Abu ɗaya ko biyu sun isa, kuma su kasance waɗanda ayyukan da ke ƙasa suke tabbatarwa. Kada ka ɓoye cewa kai ɗalibi ne. Wanda ya san ɗalibi yake kallo da ma'aunin ɗalibi zai auna. Wanda ka ce masa kai daraktan fasaha ne da ma'aunin darakta zai auna ka, kuma ba za ka ji daɗin sakamakon ba.

Tutar sama girmanta fiksel 3200 a faɗi, 410 a tsayi, wato faɗin ya kusa ninka tsayin sau takwas. A waya ana yanke gefe da gefe, don haka duk abin da ka ajiye a ƙarshen dama ko hagu ya tafi. Kada ka rubuta lambar waya ko jerin ayyukanka a ciki. Launi ɗaya, ko wani yanki na aikinka da ba zai lalace ba in an datse shi, ya wadatar.

Batun tambarin kai kuwa, ɗalibai na ba shi muhimmancin da bai kai ba. Haruffan farko na suna a cikin da'ira ko murabba'i, an gani har an gaji. Sunanka a rubuce da salon rubutu mai kyau, an daidaita tazarar haruffansa da hannu, ya fi tambarin da aka ƙaƙaba. Abin da ke sa a gane mutum shi ne maimaici: salon rubutu biyu, ɗaya na kanu ɗaya na jiki, launuka biyu ko uku, da hanya ɗaya ta jera bayani, a shafi, a takardar neman aiki, da kuma allon gabatarwa. Sannan a daina zana sandunan nan masu cewa Photoshop kashi 90, Illustrator kashi 75. Kashi 90 na me? Babu wanda ya san ma'aunin, har da wanda ya zana.

Inda ake ɗora aiki, da lissafin da ke ciki

Nan ne dandalin ya cancanci yabo. Kowane aiki shafi ne mai gangarowa ƙasa, kana jera masa tubala ɗaya bayan ɗaya: hoto, rubutu, jerin ƙananan hotuna, bidiyo, ko abin da aka jawo daga wani wuri kamar YouTube, Vimeo ko samfurin Figma. Kana iya zaɓar launin bango da tazarar da ke tsakanin tubalan, kana iya ja ka sauya musu wuri, kana kuma iya ajiye aikin a matsayin daftari har sai ka gamsu. Mutum zai koye shi a zama ɗaya. Amma ba ya karɓar fayil ɗin PDF kai tsaye a matsayin tubali, kuma wannan na ba ɗalibai haushi tunda yawancin aikin makaranta a PDF ake miƙa shi. Dole ka fitar da shafukan a matsayin hotuna, ko ka ɗora a wani dandalin nuna PDF irin Issuu ka jawo.

Faɗin filin aikin fiksel 1400 ne. Idan ka ɗora hoton da bai kai haka ba, ko dai ya zauna ƙarami a tsakiya ko ya yi dishi-dishi. Mafi kyau ka fitar da hotunanka a faɗin 2800, ninki biyu ke nan, saboda allunan zamani masu yawan fiksel da kuma wanda zai danna hoton ya faɗaɗa shi. Lambar nan ta DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci, 72 ko 300 da ake ta jayayya a kanta ba ta da tasiri a allo ko kaɗan. Ta masu buga takarda ce. Adadin fiksel kawai allo ya sani.

Nauyin fayil kuma a kula da shi. Dandalin zai karɓi hoto mai nauyi, amma mai kallo ba zai jira ba. Hoton kyamara ko mai launuka masu narkewa cikin juna, a fitar da shi JPEG a inganci 80 zuwa 85. Ido ba zai ga bambanci da 100 ba, nauyin kuwa zai ragu sosai. Tambari, rubutu da launi shimfiɗaɗɗe, PNG ne nasu, domin JPEG kan bar wani datti-datti a gefen haruffa, musamman jan rubutu a kan bango mai duhu. GIF launuka 256 kacal yake ɗauka, ga nauyin tsiya, don haka duk motsin da ya wuce daƙiƙa kaɗan a mayar da shi bidiyo.

Sai launi, wanda shi ne kuka na farko da sababbin shiga ke yi: na ɗora fostata ta koma wani iri. Dalilin kusan kullum ɗaya ne. An tsara aikin don bugawa, yana cikin CMYK, tsarin launin tawadar bugawa, aka fitar da shi haka aka ɗora. Allo da RGB, tsarin launin haske, yake aiki, kuma idan burauza ko dandalin suka yi juyin da kansu, shuɗi kan karkata zuwa wani launi, baƙi ya koma toka-toka, kore ya yi ƙara ko ya mutu. Haka ma hoton da ke cikin Adobe RGB, wani nau'in RGB na daban, ba tare da an liƙa masa bayanin launinsa ba, fes yake a kwamfutarka, a shafi kuma ya kwanta. Maganin: ka yi kwafin fayil ɗin, ka juya shi da kanka zuwa sRGB, nau'in RGB da yanar gizo ke aiki da shi, ka duba ko akwai launin da ya kauce ka gyara, sannan a wajen fitarwa ka tabbatar an liƙa bayanin launin. Ainihin fayil ɗin bugawa kuma ka bar shi yadda yake.

Akwai wata al'ada a dandalin da ya kamata a yi mata dogon tsayi. Masu zane da yawa ba sa amfani da tubalin rubutu. Suna tsara dukkan shafin a Photoshop ko Figma a matsayin dogon hoto guda, da rubutu da komai, su yayyanka shi, su ɗora, su mayar da tazara sifili don ya haɗe. A kwamfuta abin gwanin sha'awa. Amma yi lissafi. Faɗin fuskar waya a ma'aunin burauza bai wuce fiksel 390 ba a wayoyi da yawa. Hoto mai faɗin 1400 da aka matse zuwa 390 ya koma kashi 28 cikin ɗari na girmansa. Rubutun da ka saka a fiksel 24 ya zama ƙasa da 7, babu mai karanta shi sai ya buɗa da yatsu biyu, kuma ba zai buɗa ba. Don rubutu ya fito a fiksel 12 a waya, sai ya kai 43 a filin 1400, ko 86 in a 2800 kake aiki. Ga shi kuma rubutun da ke cikin hoto injin bincike ba ya karanta shi kamar rubutu na gaske, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba ta ganinsa, kuma in ka hango kuskuren harafi ɗaya sai ka koma ka sake fitar da hoton. Hanyar da ta fi: kanu manya su zauna cikin hoto in kana son salon rubutunka ya fito, bayani kuwa a tubalin rubutu, wanda ke daidaita kansa da kowane allo. Salon rubutun da tubalin ke bayarwa ba su da yawa, gaskiya ne, wannan ma rauni ne na dandalin. Amma rubutun da aka karanta ya fi kyakkyawan da ba a karanta ba.

In dai sai ka yanka dogon hoto, kada yankan ya ratsa ta kan rubutu ko fuskar mutum, kuma dukkan yankunan su zama faɗi ɗaya daidai. Bambancin fiksel ɗaya kan haifar da siririn farin layi a mahaɗa.

Murfin aiki shi ne ɗan hoton da ke fitowa a jeri, kuma mafi ƙarancin girmansa fiksel 808 a 632. Ana nuna shi da rabin haka ko ƙasa, a tsakiyar ɗaruruwan irinsa. Abu ɗaya za a saka a ciki, babba, mai bambanci da bangonsa. Ɗalibi kan so ya cusa tambari da kati da riga da allon talla duk a murfi ɗaya, sai ya zama kamar tarkace. Gwaji mai sauƙi: rage murfin zuwa faɗin fiksel 200 a allonka. In ba ka gane mene ne ba, sake. Sannan ka kalli murafenka gaba ɗaya a jere, domin su ne ainihin fuskarka a dandalin, sun fi hotonka da tutarka magana.

Kafin ka wallafa za a nemi take, rukunin fasaha har guda uku, kalmomin bincike har goma, da manhajojin da ka yi aiki da su. Take irin "Aiki na 3" ko "Tambari" asara ce. Faɗi sunan abin da nau'in aikin. A nan ne kuma ake zaɓar lasisi, ko ka riƙe dukkan haƙƙinka ko ka saki a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba wasu izinin amfani da aikinka. Karanta kafin ka danna, kada ka ba da izinin da ba ka yi niyya ba.

Abin da za a jera a ciki

Dandalin ba zai gaya maka yadda ake ba da labarin aiki ba, farin fili kawai zai miƙa maka. Ayyuka biyar zuwa takwas sun ishi ɗalibi, kuma mafi rauninsu shi ne ma'aunin da za a yi maka, don haka cire shi. Aikin da ka yi ta bin darasin bidiyo mataki-mataki ba naka ba ne, masu duba ayyuka sun ga irinsa sau ba adadi.

A cikin kowane aiki, fara da sakamakon, hoto ɗaya mafi ƙarfi. Biye da shi bayani na kalma 40 zuwa 60: wane ne mai aikin, su wa ake son kaiwa gare su, mece ce matsalar, wane ƙaidi aka gindaya, kuma mene ne naka a ciki. A ce tambarin ɗakin karatu na yara ne. Bayanin zai ce yara 'yan shekara 6 zuwa 10 ake nufi, tambarin zai hau hatimin roba da gefen littafi, saboda haka dole ya yi aiki da launi ɗaya kuma a ƙaramin wuri. Da wannan jimla mai kallo ya samu abin da zai auna aikinka da shi. Ba tare da ita ba, sai dai ya ce ya yi kyau ko bai yi ba.

Daga nan sai zanen hannu. Ba shafi ashirin na littafin zanenka ba. Hanyoyi uku da ka gwada, da jimla ɗaya a ƙarƙashin kowace da ke faɗin dalilin da ya sa aka bar ta ko aka ɗauke ta. Wannan sashen ɗalibai suka fi tsallakewa don suna jin kunyar zanensu na fensir, alhali shi ne wanda mai ɗaukar aiki ya fi tsayawa a kai. A nan yake ganin ko kana tunani. Ka ɗauki hoton takardar a hasken rana kusa da taga, wayar a miƙe sambal a saman takardar don kada ta karkace, ka gyara hasken har farin ya zama fari.

Sai tsarin kansa: tambarin a baƙi zalla, a fari kan bango mai duhu, da kuma a fiksel 32 don a ga bai cushe ba, filin da za a bari kewaye da shi, launuka da lambobinsu na HEX da RGB da CMYK, sunayen salon rubutu. In aikin bugawa ne, nuna cewa ka san a bar milimita 3 na rara a gefe saboda yanka. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke raba wanda ya taɓa kai aiki ga maɗaba'a da wanda bai taɓa ba.

Hotunan gwaji, waɗanda ake sauke fayil ɗin Photoshop a zura tambari ya fito a jikin kofi ko jaka ko bangon ofis, su ne cutar Behance. Biyu ko uku da suka dace da aikin suna taimakawa. Goma sha biyar kuwa, ɗakin karatun yara ga shi a jikin kwalbar turare da gilashin bene, wannan zanin aro ne, ba ya rufe katara. Masu sana'ar sun san waɗannan fayilolin ɗaya bayan ɗaya, kuma sun san ana fakewa da su ne in tambarin ba zai iya tsayawa shi kaɗai a farar takarda ba. In da hali, buga abin da gaske, ko da a firintar gida ce, ka yanka, ka naɗe, ka ɗauki hotonsa. Kuma in aikin na gwaji ne, ba wani kamfani da ya saka ka, rubuta haka a fili.

Yabo, tauraro da 'yan damfara

A ƙasan kowane aiki akwai shuɗin maɓallin yabo, ana kuma ƙirga masu kallo. Ma'aikatan dandalin na zaɓar wasu ayyuka su saka a zaurukan da suke tacewa, aikin da aka zaɓa kuma a liƙa masa ɗan ƙyalle. Wannan na jawo idanu da gaske, kuma abin a yaba ne cewa mutane ne ke zaɓen. Sai dai yawancin masu kallo a Behance masu zane ne 'yan uwanka, ba masu ba da aiki ba. Sharhin da za ka samu galibi na neman ramuwa ne, an yaba maka a kalma biyu an ce ka leƙo nawa. Gyara na gaskiya ba a nan ake samunsa ba, sai wajen malami ko abokin karatu mai faɗin gaskiya. Ɗalibin da ya fara zane don adadin yabo, cikin wata kaɗan aikinsa zai koma kamar na kowa.

Akwai sashen guraben aiki da akwatin saƙo. Saƙon da ya zo da tayin kuɗi mai tsoka daga shafin da ba shi da tarihi, yana neman ka sauke wani dunƙulallen fayil don ganin bayanin aikin, ko ka fara biyan wani abu, share shi. Aikin rukuni kuma, dandalin ya ba da damar saka abokan aiki a matsayin masu mallaka tare, aikin ya fito a shafin kowa. Yi amfani da ita, ka kuma rubuta wa ya yi me. Tambaya ɗaya a ganawar neman aiki ta isa ta tona wanda ya ɗauki aikin mutum huɗu ya ce nasa ne. Aikin da ka yi wa wani kamfani lokacin koyon aiki, nemi izini a rubuce kafin ka ɗora, musamman in bai fita kasuwa ba.

Na kuɗin ya cancanta?

Akwai Behance Pro da ake biya, mai ba da ƙarin alƙaluma kan masu ziyara, kulle aiki da kalmar sirri, da Adobe Portfolio. Ɗalibin da bai fara karɓar aiki ta dandalin ba, babu abin da zai rasa in bai biya ba. Adobe Portfolio ɗin shi ne abin dubawa: yana kuma zuwa tare da rajistar Creative Cloud, wato tsarin biyan kuɗin manhajojin Adobe, yana jawo ayyukanka daga Behance ya mayar da su gidan yanar gizo naka, ba tallan ayyukan wasu a gefe, kana kuma iya ɗora masa adireshin da ka saya da sunanka. Kyakkyawan abu ne, amma haya ce. Bayan rajista ta ƙare shafin zai sauka, kuma rangwamen ɗalibai ba ya dawwama. A kuma lura da tsarin shekara na Adobe da ake biya wata-wata: wanda ya fasa bayan kwana 14 na farko ana cajinsa rabin abin da ya rage na shekarar. Ko wanne ka zaɓa, ainihin fayilolinka da rubutun bayaninka su kasance a ajiye a wurinka, wuri biyu.

Ranar tsayawa gaban mutane

Kuskure ne babba ɗalibi ya buɗe shafinsa na Behance a majigi ya hau gangarawa da linzami gaban malamai ko masu ɗaukar aiki. Shafin na buƙatar intanet, hotuna na iya tsayawa rabi, gangarawar na sa ido juwa, kuma da ka kai ƙasa ayyukan wasu za su bayyana, wataƙila waɗanda suka fi naka. An gina shi don mai kallo shi kaɗai a lokacinsa, ba don ɗaki mai mutum goma ba.

Abin da ake yi shi ne a sake zuba ayyukan a alluna masu girman 1920 a 1080, a fitar da su PDF don salon rubutu ya tafi tare da fayil ɗin, a buɗe a cikakken allo. A Acrobat, Ctrl da L ne. Allo ɗaya, magana ɗaya. Rubutu kada ya gaza maki 24. Majigi na kashe launuka masu haske, ruwan toka a kan fari da rawaya a kan fari ɓacewa suke yi, don haka riƙe bambancin haske na 4.5 zuwa 1 da WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa nakasassu amfani da yanar gizo, ta gindaya wa rubutu. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a imel. Wanda za a tura ta imel a matse shi ƙasa da megabait 10. Gmail ba ya wuce 25, akwatunan wasu kamfanoni ma ba su kai haka ba. Kuma ka zo da mahaɗin HDMI na kwamfutarka, kada ka dogara da na ɗakin.

In minti goma aka ba ka, minti ɗaya na gabatar da kai, bakwai na ayyuka biyu ko uku, sauran na abin da kake nema da rufewa. Aiki takwas a minti goma gudu ne, ba bayani ba. Gwada da agogo da murya a sama sau uku aƙalla, domin abin da ka karanta a zuci cikin minti shida, a baki zai kai tara. Kada ka juya wa mutane baya kana karanta allo, kada kuma ka buɗe da ban haƙuri cewa lokaci bai ishe ka ba; ka nuna musu inda za su soka ke nan.

Tambayar da ba ta taɓa fashi ita ce me ya sa. Malam zai nuna allo ya ce, me ya sa ka zaɓi wannan salon rubutun? Ɗalibin da ya ce "na ga ya yi kyau ne" ya rufe wa kansa ƙofa. Wanda ya ce "yara masu koyon karatu ne za su gani, shi ya sa na ɗauki wanda harafin a ɗinsa yake kamar yadda ake koya musu rubutawa da hannu, kuma na gwada shi a santimita 2 bai cushe ba", ya ba da amsar da za a iya gardama da ita, kuma abin da ake so ke nan. Waɗannan amsoshin su ne jimlolin da ka riga ka rubuta a ƙarƙashin zanen hannunka a Behance, in ka rubuta su. In an kawo gyara, rubuta shi a takarda a gabansu kafin ka ce komai, sannan in ba ka gane ba ka nemi a nuna maka wurin a allo.

Allon ƙarshe kada ya zama kalmar godiya ita kaɗai, domin shi zai zauna a bango duk tsawon lokacin tambayoyi. Saka sunanka, imel, adireshin shafinka a rubuce, da lambar QR mai kaiwa can. Lambar ta zama mai duhu a kan bango mai haske, da farin fili kewaye da ita na faɗin ƙananan murabba'anta huɗu, kuma kafin mutane su shigo ka je kujerar ƙarshe ta ɗakin ka gwada ta da wayarka.